Biskit ɗin tsala irin na kudancin Amurka: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma mazan da ke shiga kicin. Tambayoyi sun yi yawa a kan wannan biskit ɗin, kuma kusan iri ɗaya ne ake ta maimaitawa, shi ya sa na ce bari na tattara su wuri guda na amsa iya sanina.

Wai wane irin biskit ne wannan, irin na kwali ne da yara ke ci?

A'a sam. Ba ya ƙaras ƙaras, ba shi da zaƙi, kuma ba a ajiye shi wata da watanni a leda. Wani ɗan burodi ne mai laushi da ba a sa masa yis, bekin fauda da bekin soda ne ke tashinsa, samansa ya yi ja ya ɗan yi ƙarfi, cikinsa kuma in kika raba da hannu za ki ga ya rabu falle-falle yana tururi. Abincin mutanen kudancin ƙasar Amurka ne, jihohi irin su Jojiya, Tenesi, Alabama, Karolina, Kentaki, kuma da zafinsa ake ci, yawanci da safe ko a gefen soyayyen kaza. In kin taɓa cin sikon na mutanen Ingila to ɗan uwansa ne, sai dai shi sikon ana sa masa siga, sau da yawa har da ƙwai.

A da can ba haka yake da laushi ba. Kafin a samu soda da bekin fauda a kasuwa, dukan kwaɓin ake yi da muciya ko guduma na kusan rabin awa ko fi don iska ta shiga, kuma a gidajen masu hali na kudu bayi mata baƙaƙen fata ne ke wannan wahalar, ya kamata a riƙa tuna hakan in ana labarin abincin nan. Fulawa ma tsada gare ta a lokacin, talaka burodin masara yake ci kullum, biskit sai ranar Lahadi. An fara yin bekin soda na sayarwa a Amurka a 1846, bekin fauda ya biyo baya daga 1856, daga nan ne biskit mai laushin nan ya fara yaɗuwa a gidaje a hankali.

Me ya sa sai da tsala? Madara ba ta yi?

Nan ne fa inda muka fi su sa'a, kuma shi ne abin da na fi so ku gane a duk rubutun nan. Abin da tsofaffin matan Amurka ke kwaɓa biskit da shi a ƙauyukansu shi ne ruwan nonon da ya rage bayan an kaɗa an tsame mai, wato dai tsala, irin wadda 'yar Fulani ke kawo mana a ƙwarya bayan ta cire man shanu. Su yanzu a shagunansu ba kasafai ake samun wannan ba, abin da ake sayar musu a kwali madara ce da aka rage wa mai aka zuba mata ƙwayoyin tsami a kamfani. Mu kuwa ta asalin ce ke yawo a ƙofar gidanmu.

Aikinta biyu ne. Na farko tsaminta ne ke haɗuwa da bekin soda sai su ba da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓin. Na biyu tsamin yana sassauta danƙon fulawa sai cikin ya yi laushi, ga kuma ɗanɗanon nan mai ɗan tsami tsami wanda madara zalla ba za ta taɓa ba ki ba. In kika yi da madara zai tashi saboda bekin fauda, amma wallahi ba ɗaya ba ne a baki.

Abu ɗaya da za ki kula, ki saya wajen wadda kika yarda da ita, don akwai masu tsinka nono da ruwa sosai, wasu har su ƙara garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ki tace da rariya, ki sa a firji ta yi sanyi ƙalau kafin ki taɓa fulawa.

To in ban samu tsala ba fa, kamar mu da ke zaune a Legas ko ƙasar waje?

Kindirmo ma yana yi, sai dai ya fi kauri da maiƙo, ki tsinka shi, kamar kashi uku kindirmo kashi ɗaya ruwa ki kaɗa sosai. Yogot marar siga shi ma haka za ki yi masa, amma dan Allah banda mai zaƙi ko mai ƙamshin ayaba da su sitiroberi. In duk babu, ki dama madarar gari da ruwa ta cika kofi ɗaya ki matsa lemon tsami babban cokali ɗaya, ko binega, ki bar shi minti 5 zuwa 10 har ya fara kakkartsewa. Wannan na ƙarshen maneji ne kawai, tsamin zai yi aikin tashi amma ɗanɗanon bai kai ba.

Ki ba mu awo dan Allah

Ga shi, na biskit kamar 7 ko 8:

Fulawa kofi 2, wato giram 250
Bekin fauda babban cokali 1
Bekin soda kwatan ƙaramin cokali
Gishiri ƙaramin cokali 1, kar ki tula shi
Bota mai sanyi sosai giram 85, babban cokali 6 kenan
Tsala mai sanyi kashi uku cikin huɗu na kofi, mililita 180

Kofin da nake nufi shi ne na awo mai mililita 240, ba kofin shan shayin maigida ba. Kuma in za ki auna fulawa kar ki tsoma kofin cikin buhu ki danna, ki riƙa zubawa da cokali har ya cika sai ki share saman da wuƙa, don dannawar nan kaɗai tana iya ƙara miki fulawar da za ta busar da biskit ɗin gaba ɗaya. Mai sikeli ta huta.

Ya ake haɗawa, daki daki?

Fara kunna oben tukun, digiri 220 zuwa 230 a ma'aunin Celsius, ya yi zafi sosai kafin ki gama kwaɓi. Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri a roba ɗaya ki juya. Sai ki ɗauko botar daga firiza ki goga ta a abin goga kuɓewa, gefen manyan ramukan, kai tsaye cikin fulawar, ki yayyafa fulawa a kanta ki juya da cokali mai yatsu. In ba za ki goga ba ki yayyanka ƙanana ki murtsuke da kan yatsu da sauri, amma kar ki murje ta ta ɓace kamar yadda ake yi wa kwaɓin cincin, so ake ki riƙa ganin gutsattsarin bota girman ƙwayar wake a ciki.

Ki yi rami a tsakiya ki juye tsalar, ki juya da cokali har dai garin ya jiƙe, shikenan ki tsaya. Zai yi miki kamar bai haɗu ba, yana ɗan mannewa yana wargajewa, to haka ake so. Ki barbaɗa fulawa a tebur ki juye, ki tattara shi da tafin hannu ki danna ya yi faɗi, sai ki ninka shi gida uku, ki juya shi ki sake dannawa ki sake ninkawa, kamar sau uku ko huɗu. Ninkin nan shi ne ke ba da falle-fallen. A ƙarshe ki bar kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi, mutane da yawa a nan suke kuskure su murza shi siriri kamar na mitfai sannan su zo suna cewa bai tashi ba.

Yanka kuma da abin yanka mai kaifi, ko gwangwanin madara da aka cire wa baki, ki tsoma shi a fulawa ki danna ƙasa kai tsaye ki ɗago. Kar ki murɗa. In kika murɗa kin liƙe gefen kenan, sai ya kasa buɗewa ko ya tashi a karkace. Ki jera su a tire suna taɓa juna, ki shafa ɗan tsala a samansu, ki gasa minti 12 zuwa 15 har saman ya yi ja. Suna fitowa ki shafa narkakkiyar bota.

Ragowar gefe gefen ki tattara ki danna ki sake yanka, ba za su kai na farko kyau ba amma suna ciwuwa. Ni na fi son in yanka da wuƙa murabba'i, babu ragowa ko ɗaya.

Kullum ana cewa sanyi sanyi, mu da ke fama da zafi da rashin wuta ya za mu yi?

Wannan ita ce babbar matsalarmu gaskiya, ta fi ta fulawa ta fi ta oben. Dalilin sanyin shi ne, bota tana da ruwa a cikinta, kusan kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. In gutsattsarin suka shiga oben da ƙarfinsu, zafi na dukansu sai su narke lokaci guda ruwan ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin da ke samansa, wurin da botar take ya zama ɗan rami. Amma in ta riga ta narke tun a hannunki to ta shige cikin fulawa, babu abin da zai ɗaga, sai ki samu abu mai nauyi mai maiƙo. Ita kuma bota tana narkewa ne a wajen digiri 32 zuwa 35, kin ga kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kicin ɗinmu ya wuce haka nesa ba kusa ba, balle an kunna oben a ciki.

To dabara ita ce ki yi da sassafe bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko kuma ki yi kwaɓin a wani ɗaki ba kusa da wuta ba. In akwai wuta ki sa har fulawar da robar a firiza minti 20. In babu, ki sayi ƙanƙara ta leda ki zuba a kula ki binne botar da tsalar a ciki, ki kuma ɗora robar kwaɓin a kan wata roba mai ƙanƙara kina aiki. Ki wanke hannu da ruwan sanyi ki goge kafin ki taɓa. In kina cikin ninki kika ji ya fara laushi yana naso, tsaya, mayar da shi cikin sanyi minti 10 sannan ki ci gaba, babu abin da zai lalace. Kuma bayan kin yanka ma in kika sa tiren a firji na ɗan lokaci kafin gashi sai ya fi tashi.

Lokacin hunturu kam ba ki da wata matsala, Disamba da Janairu su ne watannin biskit a wajenmu.

Zan iya sa man shanu ko majarin maimakon bota?

Ɗanyen man shanu ai bota ne, shi ne ma asalin abin, in dai sabo ne. Ki wanke shi da ruwan sanyi kina matsewa har ruwan ya fita fes don ragowar nonon da warin su ragu, sai ki daskarar da shi. Soyayyen man shanu kuwa an riga an ƙone ruwan cikinsa, zai ba ki ƙamshi da laushi amma ba zai yi falle-falle sosai ba, na fi so a ajiye shi don shafawa a sama in an sauke.

Majarin na gashi mai tauri, irin wanda masu kek ke saye a awo, yana yi in ya daskare, sai dai ɗanɗano ba zai kai na bota ba. Mai laushin nan na shafa wa burodi ban ba ki shawara ba. Man gyaɗa ko man ja kuma a'a.

Sai abu ɗaya da ya kamata musulmi ya sani, musamman 'yan uwanmu da ke can. A girkin gargajiya na kudancin Amurka da kitsen alade ake yin biskit, har yanzu wasu gidajen da wasu wuraren cin abinci da shi suke yi. Daga 1911 da Crisco ya fito, wato daskararren man tsirrai, mutane da yawa suka koma kansa, amma dai in za ki saya a waje ki tambaya da wane mai aka yi.

Wace fulawa ce ta fi?

Mutanen kudancin Amurka suna alfahari da fulawarsu ta alkama mai laushi, wadda ta fi suna ita ce White Lily da aka fara niƙawa a garin Noksbil na jihar Tenesi a 1883. Furotin ɗinta kaɗan ne, wajen kashi 9 cikin ɗari, shi ya sa ba ta danƙo, biskit ɗinta ke fitowa sakayau. Tamu ta kasuwa yawanci an yi ta ne don burodi, tana da ƙarfi, da kin juya ta da ruwa ta fara danƙo.

Gyaran mai sauƙi ne. A kowane kofi na fulawa ki cire babban cokali 2 ki mayar da konfulawa cokali 2, ki tankaɗe su tare sau biyu. Sannan ki ƙara rage taɓa kwaɓin. In kuma fulawarki mai haɗe da abin tashi ce, to kar ki ƙara bekin fauda da gishiri, soda kawai za ki sa.

Nawa bai tashi ba, ya yi tauri kamar dutse, me ya jawo?

Ɗaya daga cikin waɗannan ne, ko ma biyu. Ko bekin faudar ta mutu, wanda yake yawan faruwa da wadda ake ƙullawa a leda ta kwana a rana a shago, ki gwada ta, zuba rabin cokali a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ki zubar. Soda kuma da lemon tsami ake gwada ta. Ko kin luguiguice kwaɓin kamar na burodi, hannun da ya saba da murza fanke da burodi sai an riƙe shi a nan. Ko botar ta narke. Ko kuma oben ɗin bai yi zafi ba kika saka, don biskit wuta mai ƙarfi yake so ta ɗan lokaci, in kika sa a 170 kamar kek sai man ya tsiyaye a tire kafin ya tashi. Kuma ki daina buɗe oben kina leƙawa a minti goman farko.

Ya tashi amma yana ɗaci, ga ɗigo ɗigo ruwan ƙasa a jiki

Soda ce ta yi yawa ko ba ta gauraye ba. Kwatan ƙaramin cokali ya isa, ki kuma tankaɗe.

Zan iya sa yis ko kanwa?

Akwai wani nau'in da suke haɗa yis da bekin fauda da soda duka, yana da laushi sosai kuma ya fi yafe kuskure, amma sai an jira ya tashi kuma ya fi kusa da burodi, ba shi muke magana a kai ba. Kanwa kuma kar ki sa, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan, ba za ki iya auna ta daidai ba, kuma za ta canza masa kala da ɗanɗano.

Ba ni da oben, shikenan na haƙura?

Ina! Su kansu waɗanda suka fara yinsa ba oben ɗin lantarki gare su ba, a tukunyar ƙarfe mai ƙafafu suke gasawa a bakin murhu, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Ki samu tukunya mai kauri ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasanta, ki ɗora ɗan ƙarfe ko duwatsu uku, ki rufe ki bar ta a wuta kamar minti 15 ta ɗau zafi sosai. Sai ki sa biskit ɗin a faranti na silba ki ɗora a kai ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin, kuma na saman ya fi na ƙasan yawa in ba haka ba gindin zai ƙone saman yana fari. Zai iya kai minti 20. Ki riƙa juya tukunyar kaɗan kaɗan don wutar gawayi ba ta cin ko'ina daidai.

Ba a sa siga ne?

A kudancin Amurka da yawansu ba sa sawa, wasu ma faɗa suke a kai. In yaranki ba za su ci ba sai da ɗan zaƙi, ƙaramin cokali 2 ba zai ɓata komai ba, zai ma taimaka saman ya yi ja.

Da me ake ci?

Mafi sauƙi ki raba shi da hannu da zafinsa ki sa bota da zuma, ga shayi a gefe. Su kuma abin da suka fi so da safe shi ne su kwarara masa wata farar miya mai kauri ta madara da niƙaƙƙen nama, tasu da naman alade suke yi, mu sai mu yi da na sa ko na rago. Ki soya niƙaƙƙen naman da ɗan mai da gishiri da masoro mai yawa, in ya soyu ki barbaɗa fulawa babban cokali 2 ki juya minti ɗaya, sai ki riƙa zuba madara kofi 2 a hankali kina juyawa har ta yi kauri. Masoron nan kar ki yi masa rowa, shi ne daɗin miyar. Ana kuma tsaga shi a sa soyayyen ƙwai ko tsokar kaza a tsakiya, yana yi wa yara kyau a kwandon makaranta, kuma na ga yana tafiya da farfesun kaza sosai lokacin buɗa baki.

Zai kwana? Ko zan iya kwaɓawa tun dare?

Daɗinsa a awa ɗaya na farko yake, gaskiya kenan. In ya rage ki bari ya huce ki sa a roba mai murfi, zai kai washegari ko jibi, sai ki ɗumama a oben minti 5, ko ki tsaga shi ki gasa a kasko da ɗan bota.

In kina da tsayayyiyar wuta ko sola, ki yanka su ɗanye ki jera a tire ki daskarar a firiza sannan ki juye a leda, duk ranar da kike so ki ɗauko ki sa a oben mai zafi kai tsaye ba sai sun saki ba, ki ƙara minti 4 ko 5 a kan lokacin gashin. In kuma wutar unguwarku ba ta da tabbas kar ki ajiye kwaɓaɓɓe, don in ya narke ya sake daskarewa ya tashi daga aiki. Gara ki auna fulawa da bekin fauda da soda da gishiri tun dare ki tankaɗe ki rufe, da safe bota da tsala kawai za ki ƙara, kafin ruwan shayi ya tafasa kin gama yanka.